Bahago da Buhunan Toka

Sunansa na yanka Idi, amma wanda ya shigo Ƙofar Gayan yana neman Idi sai ya yini bai same shi ba. In ya ce Bahago mai taki kuwa, ko akuya za ta nuna masa gidanmu. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce Sailuba mai kitso, ni na goye shi, ni kuma na sha buga masa ludayi a hannun hagu don ya koma cin tuwo da dama, har na gaji na bar shi da halinsa. Taurin kan nan da shi ya tsufa.

Sana'ar taki gado ya yi. Babanmu, Allah ya jiƙansa, jakai uku ya bari da mangaloli, buhunan nan masu aljihu biyu da ake ɗora wa jaki. A zamanin Baba babu sharar banza a cikin birni. Mace ta share tsakar gida, ta kwashe tokar murhu da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, a kai juji. Rani na yi Baba ya zo ya kwashe tas, ya kai gonakin bayan ganuwa. Da kaka manomi ya aiko da dami da kara. A ci dawar, awaki su ci dusar, a hura wuta da karan, tokar ta sake komawa juji. Haka muka taso muka gani, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar abin a matsayin wata dabara.

Bahago bai yi nisa a boko ba. Ya yi allo, ya taɓa firamare, ya dawo bayan jaki. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata huɗu, dukansu da takin nan ya aurar da su. Mutum ne mara magana. Zai iya yini yana hira da jakinsa, amma ki tambaye shi me ya faru a kasuwa, sai ya ce lafiya lau. Sau nawa ina ce masa da ni aka ba bakinsa da na mayar wa mai shi.

Sai leda ta shigo gari. Da farko murna muka yi, wallahi, har wanke ta muke yi muna shanyawa. Kafin a ankara ta cika ko'ina. Ledar cefane, ledar fiya wata, robar lemo, mataccen batir, fasasshiyar kwalba, famfas ɗin yara, duk juji ɗaya da toka. Bahago ya kai taki gona, ruwan farko na sauka sai gonar ta fito da leda kamar ita aka shuka. Garma ta riƙa sarƙewa. Manoma suka fara ƙorafi, shi kuma yana ba su haƙuri.

Babban mai karɓar takinsa shi ne Malam Jalo, wanda ke da lambu da gona a fadamar bayan ganuwa. Mutum ne mai gaskiya, amma akwai zafin zuciya, kuma bakinsa ba ya ajiye magana. Abin da Jalo ya yi shi sauran masu lambu ke yi. Wata shekara sansa na huɗa ya fara ramewa yana cin abinci ba ya ƙiba, har aka kira mahauci ya yanka shi kafin ya mutu. Da aka farke tumbin, dunƙulen leda aka ciro wanda ya kai girman tulu. Jalo ya sa aka ɗauko shi a kwando aka dire a ƙofar gidanmu. Ya ce wa Bahago, “Ga takinka nan na dawo maka da shi. Daga yau kada jakinka ya sake taka min gona.”

Sauran manoma suka bi sahu. Bahago ya shiga uku. Ya sayi rariyar waya da manjagara, ya tsuguna a juji yana tsince leda da hannu. Ya yini ya tace abin da bai cika mangala ɗaya ba, ya dawo da yankan kwalba a tafi. Rannan allurar asibiti ta soke shi, hannun ya kumbura sumtum. Jujin kuwa ya yi ta tsawo har ya cinye rabin hanya, in an yi ruwa ya toshe kwata, ruwan ya shigo mana zaure. Aka samo masa gadi a wani shago a Gyallesu. Bai rufa wata ba ya dawo, wai zama na sa masa ciwon baya.

Wata safiya ina tsefe wa matarsa kai, ya tsaya a kanmu yana sosa ƙeya. Ya ce, “Yaya, ashe wahalar banza nake yi. Tokar nan ai da tsabtarta take fitowa daga murhu. A juji take haɗuwa da leda. In ba su haɗu ba fa?”

Na ce, “To je ka raba su mana, wa ya riƙe ka?”

Ya ce, “Ni ba na shiga gidajen mutane. Ke kike shiga.”

Kun ji inda ya jawo ni. A cikin birni namiji baligi iyakarsa zaure, kuma shara aikin mata ce. Duk dabararsa ba ta wuce labulen zaure sai da ƙafar mace. Ya samo tsofaffin buhunan masara, ni kuma duk gidan da na je kitso sai na tafi da guda biyu. Ɗaya na toka da kashin dabbobi da ɓawo da ragowar ganye. Ɗaya na leda da roba da gwangwani, wannan Yakubu ɗan gwangwan, maƙwabcinmu mai amalanke, shi zai riƙa kwasa yana kai wa masu saye su narke. Kwalba da batir da allura kuwa a tsohuwar fanteka, daban.

Kada ku so ku ji abin da na sha. Wata ta ce, “Sailuba, kitson ne ya daina ci kika koma bola?” Wata ta ce ita ba za ta ba wani ƙato sharar ɗakinta a ƙulle ba, wa ya san gidan bokan da za a kai. Na ce mata, “Ke da mijinki ko kallonki ba ya yi, wa zai ɓata kuɗinsa ya yi miki asiri?” Muka yi wata ba ma gaisawa. Amma mai kitso tana da makami: kan mace na tsakanin gwiwoyina, ba inda za ta, dole ta ji wa'azina har in gama shuku. A hankali gida biyar suka zama goma, goma suka haura ashirin.

Bahago ya ɗauki mangala ɗaya ya je wurin Jalo, ya zazzage a gabansa. Jalo ya tsuguna ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya juya, ya shinshina. Toka ce da kashin awaki, baƙi wuluk, ko zaren leda babu. Takin zamani kuma a lokacin ya fara fin ƙarfin talaka. Ya ce, “Na karɓa. Amma ka ji sharaɗina da kunnenka: ranar da na ga abin da ba taki ba a cikin kayanka, mun rabu har abada. Sa ɗaya na yi asara, ba zan yi ta biyu ba.” Suka kuma dawo da al'adar Baba. Bayan ladan Bahago, duk buhun da ya iso gona cike, gidan da ya fito yana da ƙunshinsa: alayyafo, albasa, tumatur, in kaka ce kuma 'yar dawa. Buhun da bai zo ba, ba shi da komai.

Abin ya zauna. Jujin ya sauka har yara suka samu filin ƙwallo. Ranar kwasa kowane gida a fito da buhu a jingine a bakin zaure, a gaban dattawan da ke zaune a dakali. Nan fa mata suka mayar da abin gasa, don a garin nan komai sai an yi gasa. Buhun da ya cika ya batse, gidan ana girki sau uku ke nan, akwai awaki a turke. Ba a rubuta suna a buhu, amma Bahago ya san na kowa daga yadda ake ɗaure bakinsa. Ya san gidan da aka yi baƙi, ya san gidan da aka sayar da tunkiya. Na yi juyin duniya ya ɗan gutsura min, ya ƙi. Sai ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai shekarar nan ta tsada ta zo, wadda mudun masara ya gagari mai albashi balle wanda ba shi da shi. Akwai wani gida a unguwarmu, kuma ba zan faɗi sunansa ba ko za a yanka ni. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni, zaurensu har da zanen hannu a bango, a da almuru ba ta yi sai an fitar da akussa an raba wa maƙwabta. Maigidan ya rasu, ɗan da ake sa rai ya kwanta jinya, ya rage Hajiya, tsohuwa mai alkunya, da surukarta da jikoki. Irin gidan da za su mutu a ɗaki ba su miƙa hannu ba. In ka kai musu abu da sunan sadaka, ka ci mutuncinsu ke nan.

Na je yi wa surukar kitso da hantsi, sai na ga kyanwa kwance a cikin murhu tana barci. Kowace mace ta san abin da wannan ke nufi. Turken awaki wayam. Can bayan ɗaki kuma na hangi Hajiya da tsohuwar fartanya tana kankarar ginin da ya zube tana tarawa. Da ta gan ni ta ce wai gyara take yi. Na ce sannu da aiki, na sunkuyar da kai.

Amma ranar kwasa buhunsu na nan a bakin zaure, cike fam, ɗaure tsaf, har da ɗan farin toka a baki.

Da yamma na leƙa bayan gidanmu na tarar da Bahago yana zazzage wani buhu a gindin katanga. Jar ƙasa ce zalla, da 'yar toka tafi ɗaya a sama. Ya kakkaɓe buhun, ya cika shi da kashin jakansa da tokar murhunmu, ya ɗaure ya ɗora wa jaki. Na ce, “Bahago, tun yaushe?” Ya ce, “An ɗan jima.” Na ce, “Rabonmu na alayyafo da na daina gani, can yake tafiya?” Ya ce, “Yaya, ke ai kina da kitso.” Na buɗe baki zan zazzage shi, sai na fasa. Tun daga ranar in na tashi kwasar toka sai in haɗa da ta maƙwabciyata in ƙara masa.

Da haka aka ci gaba, gona ba ta taɓa ganin ƙasar nan ba, ƙunshin gidan kuma bai taɓa fashi ba. Sai zazzaɓi ya kayar da Bahago, irin wanda mutum ba ya gane wanda ke kansa. Ranar kwasa ta zo, buhuna na jingine a zauruka. Yakubu, don zumunci, bai tambayi kowa ba ya tura amalankensa ya kwashe duka ya kai wa Jalo. Ni ina can wani gidan suna ina kitso, ban sani ba sai da aikin gama ya gama.

Jalo da kansa yake kwance buhunan a gaban sauran masu lambu. Ya zazzage ɗaya, jar ƙasa ta zubo. Yakubu ya rantse bai san gidan da ya ɗauko shi ba, kuma gaskiyarsa, shi duk buhu buhu ne a wurinsa.

Da Bahago ya samu ƙafa, Jalo ya aiko ya je. Na yafa mayafi na bi shi, don na san halin ƙanena, in an bar shi shi kaɗai sai ya tsaya kamar an dasa shi. Jalo na zaune ƙarƙashin mangwaro, mutane kewaye da shi, tulin ƙasar na nan bai bari an taɓa ba. Bai yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, “Bahago, ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Na san wata ce a cikin gari take cin albasata tana aiko min da ƙasa. Faɗi gidan, mu cire shi, mu ci gaba da harkarmu. Magana ta ƙare.”

Na ja shi gefe na ce, “Kai, ba sai ka kama suna ba. Ka ce masa wani gida ne da babu ta kama. Jalo musulmi ne, zai gane.”

Ya ce, “Yaya, gidajen guda nawa ne duka-duka? In na ce yunwa ce, kafin la'asar maganar ta shiga gari. Gobe kowa ya zauna a dakali yana duban katangar da hayaƙi ba ya tashi.”

Na ce, “To sana'arka fa? Me za ka ci?”

Ya koma gaban Jalo ya ce, “Malam Jalo, ba gidan kowa ba ne. Ni na zuba. Kaya ne suka yi min kaɗan na cika da ƙasa.”

Jalo ya kalle shi. Ya ce, “Kai da ka kwana biyu ba ka san inda kanka yake ba?” Bahago ya ce, “Tun kafin in kwanta na haɗa.” Jalo ya ce, “To ka ji da kunnenka tun farko. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.” Muka juyo. Tun daga fadama har Ƙofar Gayan ina zaginsa, na ce masa sakarai, na ce masa wanda bai san ciwon kansa ba, yana gaba ina baya, ko waiwaye bai yi ba. Haushi nake ji kamar in fashe, kuma na san da ya faɗa da na fi jin haushinsa.

Kafin magariba labari ya gama unguwa: Bahago na sayar wa manoma ƙasa da sunan taki. Masu lambun fadama duk suka janye. Matar da na taɓa yi wa gori ta aiko a gaya min wai dama ta faɗa. Ya samu wasu manoma can wajen Galma da suka yarda su karɓa, tafiya mai nisa, lada kaɗan, babu ƙunshin kowa. Wasu gidajen suka ce in babu albasa ba su ga amfanin wahalar ba, suka koma zuba komai a juji. Ya sayar da jaki ɗaya. Duk da haka ranar kwasa na zagayowa ya ɗaura mangala ya fita, kamar ba abin da ya faru.

Ran nan na biyo shi a baya zan je kitso, muka iso ƙofar gidan su Hajiya. Dakalin cike yake da dattawa, har da wani ƙanen matar Jalo da ya shigo gari gaisuwa. Sai na ga buhun. Ba a jingine yake ba. An wanke shi, an ninke shi gida huɗu, an ajiye a tsakiyar bakin zaure inda makaho ma zai yi tuntuɓe da shi, ba komai a ciki. Ashe labari ya kai wa tsohuwar nan, ta kuma san ƙasar wa aka zazzage a fadama. Ba za ta iya fitowa ta yi magana ba, sai ta ajiye asirin gidanta a bakin ƙofa don kowa ya karanta, a wanke ƙanena. Na ga wani dattijo ya fara kallon buhun yana kallon saman katanga. Minti ɗaya ya rage kowa ya gane, kuma kafin dare Jalo ya ji.

Na kalli Bahago. A zuciyata ina cewa, yi shiru kawai, don Allah yi shirun nan naka da ka saba, ba kai ka faɗa ba.

Mutumin da ba ya magana sai ya sunkuya ya ɗauki buhun, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen dakali zai ji, har da dariya. Ya ce, “A'a! Su Hajiya an ci gaba. An koma girki da gas, an bar mu da toka. To Allah ya sanya alheri, ya kai mu mu ma.”

Dattawa suka ɗauka. Wannan ya ce ma sha Allah, wancan ya ce ai gidan manya ba ya faɗuwa, wani ya ce shi ma 'ya'yansa sun dame shi ya saya. Aka shiga gardamar ko tuwon gas yana kai na itace daɗi. Bahago ya cusa buhun a mangala, ya taɓa jakinsa, ya wuce gida na gaba.

Ni kuwa na shige zauren, na tsaya a duhun da ke tsakanin ƙofa da labule, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. A bayan labulen ina jin numfashin mutum, na san Hajiya ce, ta kuma san ni ce. Da na share fuskata na yi sallama da ƙarfi, na ce na zo tsifar kan yara ne, kuma na taho da ɗan ɗanwake da na yi ya yi min yawa, a taya ni kada ya lalace.

Jalo bai sake karɓar takinsa ba. Har yau in sun haɗu a masallacin Juma'a suna gaisawa, iyakarta ke nan. Bahago na nan da jakinsa, ya fara furfura, yana bin sauran gidajen da suka riƙe buhunansu, yana kai wa wajen Galma. A fadama kuwa in an ambace shi, sai a ce wanda ya sayar wa Jalo ƙasa.